Tambayoyi da Amsoshi Kan Hayar Jirgin Kamun Manyan Kifaye a Kewayen Tsibiri

Waɗannan su ne tambayoyin da aka fi yi mini idan mutum yana shirin ɗaukar hayar jirgi shi da mutanensa, su fita teku mai zurfi kamun manyan kifaye da fatsa. Na sha fita irin wannan su a kewayen tsibiran ƙasashe masu zafi. Na ga ranar da muka dawo hannuwa na rawa don gajiya, na kuma ga ranar da muka wuni ba ko motsi a bayan jirgi. Saboda haka tun farko nake gaya wa kowa: kuɗin da za ka biya na jirgi ne da mai da ƙwarewar mutanen da ke cikinsa. Kifi kuwa babu wanda ya isa ya yi maka alkawarinsa.

Mene ne bambancin hayar jirgi kai kaɗai da shiga cikin ayari?

Idan ka shiga ayari, kujera ɗaya ka saya, sauran kuma baƙi ne da ba ka sani ba. Akan yi layi ko a jefa ƙuri'a, duk sandar da kifi ya kama sai a miƙa wa wanda layi ya zo kansa. Kana iya wuni a teku, malin, wato babban kifi mai baki kamar mashi, ɗaya tak ya zo, ya faɗo a layin wani.

A hayar kai kuwa jirgin naku ne har a dawo. Ku za ku ce babban kifi kuke nema ko da za a wuni ana jira, ko kuwa ƙananan da za su sa yara murna. Idan ɗayanku ya galabaita, kuna iya cewa a juya, ba tare da kun ɓata wa wani baƙo ranarsa ba. Yawancin irin waɗannan jirage mutum 4 zuwa 6 suke ɗauka ban da ma'aikata. A Amurka ma doka ce ta tsayar da ƙananan jiragen haya a kan fasinja 6. Ni dai na fi ganin daɗin mutum 3 ko 4, domin kowa yakan samu rabonsa na riƙe sanda.

Me ya sa ake yawan yin wannan su a kewayen tsibirai?

Saboda zurfi. A gaɓar manyan nahiyoyi ƙasa takan gangara a hankali ƙarƙashin ruwa, har sai an yi tafiya mai nisa kafin zurfin ya wuce mita 200. Tsibirin da aman wutar dutse ya haifa kuwa kamar ƙololuwar tsauni ne da ya leƙo daga ƙasan teku. Da ka bar tasha kaɗan, ƙasa ta zurma. A Kona ta Hawayi, cikin 'yan kilomitoci daga gaɓa zurfin ya haura mita 1,000, don haka ana iya sakin fatsa tun ana hango gidajen gari. Haka abin yake a yammacin tsibirin Morishas da ke Tekun Indiya, wajen Black River, da kuma tsibiran Kef Bade a Tekun Atalantika.

Akwai dalili na biyu. Gudun ruwa idan ya bugi gangaren tsibiri yakan taso da abincin da ke ƙasa zuwa sama, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Sannan tsibiri mai tsauni yana tare iska, ya bar ɓangare ɗaya a kwance lumui. Duwatsun Mauna Loa da Hualalai ne suka sa ruwan Kona ya yi suna wajen kwanciya.

Waɗanne kifaye ake nema?

Sarkinsu shi ne malin, mai dogon baki kamar mashi. Akwai shuɗi, akwai baƙi, akwai mai zane. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, duk ƙaton shuɗin malin da ka gani a hoto mace ce. Namijin da wuya ya wuce kilo 160, macen kuwa tana iya ninka shi sau uku ko huɗu. Ƙungiyar IGFA, wadda aka kafa a 1939 kuma take ajiye tarihin kamun fatsa na duniya, ta rubuta shuɗin malin mai kilo 624 da aka kama a Kona a 1982, da wani mai kilo 636 a gaɓar Vitória ta Birazil a 1992. Baƙin malin da Alfred Glassell ya kama a Cabo Blanco ta Peru a 1953 ya kai kilo 707. Masu wannan harka suna da wani mizani da suke mafarkinsa, wato kifin da ya haura fam 1,000, kusan kilo 454. Akwai kyaftin da zai yi shekara 30 a teku bai ɗora hannu a kan irinsa ba.

Bayan malin akwai kifi mai tuta, wanda ƙayar bayansa ke buɗewa kamar an ɗaga ƙyalle. Akwai tuna mai rawayar ƙaya, wadda ba ta tsalle, sai dai ta nutsa ƙasa ta yi ta kewaya har bayanka ya gaya maka. Akwai wahu, siriri mai gudun tsiya da haƙora kamar reza, shi ya sa ake sa masa waya a bakin zare. Sai dorado, wanda wasu ke kira mahi-mahi. Shi ne na fi so a fara da shi. Yana da saurin girma ƙwarai, da wuya ya wuce shekara 5 a duniya, kuma a cikin ruwa launinsa kore ne da ruwan zinariya da ɗigon shuɗi. Da an fito da shi, cikin 'yan mintuna launin ya dushe ya koma toka-toka. Wanda yake son hoto ya ɗauka tun kifin yana gefen jirgi.

Yaya ake kamun? Tsayawa ake yi a jefa fatsa?

A'a, yawanci jan koto ake yi. Jirgi yana tafiya da gudun kilomita 13 zuwa 17 a awa, an saki zare 4 zuwa 6 a bayansa, kowanne da nisansa. Dogayen sandunan nan biyu da kake gani sun buɗe a gefen jirgi kamar fukafukai, aikinsu su raba zaren don kada su sarƙe. Koton na roba ne mai kai mai tauri da jela mai yatsu, yana nutsewa yana tasowa yana barin farin kumfa, kamar kifin da ke gudun ceton rai. Wani lokaci kuma a kama ƙaramar tuna a ɗaura ta da rai a ja ta a hankali.

Ga yadda lamarin yake idan ya zo. Awa uku kana jin ƙugin inji kawai, har gyangyaɗi ya fara ɗaukarka. Sai yaron jirgi da ke sama ya daka tsawa yana nuna hagu. Ka duba bayan koto na nesa, ka ga wata inuwa mai ruwan ƙasa tana binsa, sai baki ya keto ruwa yana kaɗawa dama da hagu. A daidai lokacin jikin kifin yakan kama da zane-zanen shuɗi mai haske kamar an kunna masa fitila. Zare ya fizge daga maƙalinsa da ƙara, sanda ta lanƙwashe, kwarkwaron zare ya ɗauki kuka. Kafin ka zauna a kujerar fama, wato wadda ake zama a kai a ja babban kifi, an riga an kwashe mita 200 ko 300 na zare, kifin kuma yana can nesa yana tsalle a kan jelarsa. Wanda ya taɓa jin kukan kwarkwaron nan ba ya mantawa da shi.

Ban taɓa riƙe fatsa ba. Zan iya? Sai mai ƙarfi?

Za ka iya. Ma'aikata ne ke shirya komai, su nuna maka abin yi tun kafin a bar tasha. Kujerar fama tana da wurin kafa gindin sanda da wurin dafa ƙafa, ana kuma ɗaura maka ɗamara da ke haɗe da kwarkwaro. Da ƙafafu da nauyin jiki ake ja, ba da damtse ba. Ka jingina baya sanda ta ɗago, ka sunkuyo gaba kana naɗe abin da ka samu. Idan kifi yana gudu, ka bar shi ya gudu, birkin kwarkwaro ne ke gajiyar da shi. Kada ka taɓa madaidaicin birkin sai an ce maka, domin an riga an auna shi a wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Na ga mata da dattawa sun kawo kifin da ya fi su nauyi, na kuma ga ƙato ya tsinka zare cikin minti biyu saboda gaggawa.

Rabin aikin ma kyaftin ne ke yi, yana bin kifi da baya da baya, ruwa na fantsamowa cikin jirgi.

Abu ɗaya: idan kana fatan a rubuta kamunka a tarihin IGFA, babu wanda zai taɓa sanda ko kwarkwaro ko zare tun daga cizo har zuwa ƙarshe sai kai. Faɗa wa ma'aikata da wuri in kana son a bi wannan ƙa'ida.

Rabin wuni ko wuni guda?

Rabin wuni awa 4 ne ko 5, cikakke kuma awa 8 ko fiye. Idan malin kake nema, ɗauki cikakke. Idan da yara ko ba ka san yadda jikinka zai karɓi teku ba, rabin wuni na safe ya isa, kuma da safe ruwa ya fi kwanciya kafin iska ta taso.

Wane lokaci ne na shekara ya fi?

Ya danganta da tsibirin. Shuɗin malin yana son ruwa mai ɗumi, daga wajen digiri 24 zuwa sama, yana kuma bin ɗumin nan duk inda ya karkata. A Morishas lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. A Kef Bade an fi cika tsakanin Afrilu da Yuli. A Kona ana samunsa duk shekara, amma ya fi yawa a watannin zafinsu na tsakiyar shekara, lokacin da ake yin wata gasa ta kamun malin da aka fara tun 1959.

Sai dai a lura, ruwan ɗumin da ke kawo kifi shi ne kuma ke haifar da guguwar teku. A kudu maso yammacin Tekun Indiya lokacin guguwa ya faɗo daidai kan lokacin malin. A Atalantika kuwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Shawarata, sa ranar fitarka a farkon zamanka a tsibirin, don in iska ta hana a samu ranar da za a mayar.

Teku faɗi gare ta. Yaya kyaftin yake sanin inda kifi yake?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan ne kuɗinka yake tafiya. Akwai na'urar da ke nuna zurfi da garken kifi a ƙarƙashin jirgi, akwai ma'aunin ɗumin ruwa, amma kyaftin na ƙwarai idonsa na kan sama. Tsuntsaye yake karantawa. Akwai wani baƙin tsuntsu mai dogayen fukafukai da jela mai baki biyu wanda ba ya iya sauka a kan ruwa, saboda gashinsa yana jiƙewa. Dole sai ya jira dorado ko tuna sun koro kifi mai tashi sama sannan ya cafke. Don haka idan ka ga ya yi ƙasa-ƙasa yana shawagi a wuri ɗaya, akwai babba a ƙarƙashinsa.

Yana kuma duba launin ruwa, inda kore ya haɗu da shuɗi tsantsa, da layin ciyawa da tarkacen da gudun ruwa ya tara. Gungumen itace ɗaya da ke yawo a tsakiyar teku yana iya tara dorado masu yawa a inuwarsa. Saboda wannan ɗabi'a ce tsibirai da dama suke kafa tulunan ƙarfe masu iyo a ruwa mai zurfi, a ɗaure su da anga, don kifi ya taru. A wasu tekuna kuma tuna tana tafiya ƙarƙashin garken dolfin, dabbar teku mai kama da kifi. Zauna kusa da kyaftin ka yi ta tambaya idan ba ya cikin aiki. Yawancinsu suna jin daɗin a tambaye su.

Ina tsoron jiri da amai. Me zan yi?

Tsoronka yana kan hanya, domin wannan ne ya fi komai ɓata wa mutane ranarsu. Abin da ke jawo shi, kunnen ciki yana jin ana lilo, ido kuma yana kallon abin da ba ya motsi, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Ba a fafa gora ranar tafiya: maganin jiri kafin a hau jirgi ake shansa, wasu ma tun daren jiya suke fara shi. Akwai na mannawa a bayan kunne, wanda ake sa wa aƙalla awa 4 kafin tashi, amma wannan sai da shawarar likita, musamman ga mai hawan jinin ido. Yawancin magungunan suna sa barci.

Yi barci isasshe, ci abu mara maiƙo, kada ka fita da ciki wayam. A jirgi ka zauna waje inda iska ke kaɗawa, nesa da hayaƙin inji, ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Kada ka shige ɗaki, kada ka duƙufa kan waya. In aman ya zo, ka yi shi ta gefen da iska ke tafiya, babu abin kunya, ma'aikata sun saba gani.

Me zan ɗauko?

Hula mai igiya, riga mai dogon hannu mara nauyi, man kare fata daga rana, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, da takalmi mai tafin roba da ba ya santsi. Rana a teku biyu ce, ta sama da wadda ruwa ke maidowa. Kayan su duka na jirgi ne. Ruwan sha kuwa ka sha fiye da yadda kake jin ƙishirwa.

Yara da mata masu ciki fa?

Yaron da ya kai ya ji magana ya zauna inda aka ce, yana iya zuwa fita ta rabin wuni, da rigar kariya daidai jikinsa. Tambayi jirgin ko suna da ta yara, kada ka ɗauka akwai. Mai ciki, da mai ciwon baya ko zuciya, su nemi izinin likita tukuna, domin jirgi yana dukan raƙuman ruwa da ƙarfi, asibiti kuma ba kusa ba.

Ta yaya zan gane jirgin kirki kafin in biya?

Ka tambaya ba tare da jin nauyi ba. Shin kyaftin yana da lasisin ɗaukar fasinja? Jirgin yana da inshora? Akwai rigunan kariya daidai da yawan mutane, da kwale-kwalen ceto mai hurawa, da abin kashe gobara? Akwai rediyon VHF, wanda tasha ta 16 a cikinsa ita ce ta kiran agaji a duk duniya? Akwai na'urar nan ta EPIRB da ke aika wa tauraron ɗan'adam inda jirgi yake idan ya shiga hatsari? Inji ɗaya ne ko biyu? Mutumin kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi, shi zai ma ja ka ya nuna maka.

Na taɓa yin sakaci da wannan. Wani mai jirgi ya nuna mini hotuna masu kyau, na biya ban je na gani ba. Muna can nesa, tsibirin ya zama ɗan duhu a bayanmu, injin ya mutu. Injin ɗaya ne tak a jirgin, rediyon kuma ashe ya daɗe da lalacewa. Awa biyu muna lilo a rana, jirgi ya juya gefe raƙuman ruwa na dukansa, kafin wani jirgin da ke komawa gida ya hango mu. Har yau ina tuna yadda yaron jirgin ya cire rigarsa ya ɗaura a kan sandar fatsa yana kaɗawa. Tun daga ranar, da yammacin jajibiri nake zuwa tasha in ga jirgin da idona, in kuma tsaya in ga fuskokin waɗanda ya dawo da su.

Me kuɗin haya ya ƙunsa? In iska ta hana fita fa?

Yawanci ya haɗa jirgi, mai, ma'aikata da kayan su. Abin da ke bambanta shi ne lasisin kamun kifi, abin ci, da ɗaukowa daga masauki, don haka a rubuta komai. A rubuta kuma makomar kuɗin kafin alƙalami: idan kyaftin ne ya soke saboda yanayi, daidai shi ne a sauya rana ko a maido maka kuɗinka. Kuma idan ya ce ba a fita yau, kada ka matsa masa. Shi ma asarar wuni ya yi, bai faɗa don son ransa ba. Tukwicin ma'aikata a wurare da yawa ba ya cikin kuɗin haya, alhali yaran nan tun kafin asuba suke aiki, su ne kuma na ƙarshen barin tasha bayan wanke jirgi.

Kifin da na kama nawa ne?

Ba lallai ba ne, kuma wannan ya sha haddasa ɓacin rai a bakin tasha. A wurare da dama, har da Hawayi, an saba kifi na jirgi ne, sai a yanka wa baƙo abin da zai ci. A wasu wuraren kuma naka ne. Tambaya ɗaya kafin biya ta kashe maganar.

Me ya sa ake sakin malin bayan duk wannan wahala?

Domin manyan nan, kamar yadda na faɗa, mata ne, kuma mace ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai. Jiragen kamun kifi na kasuwa masu dogayen igiyoyi sun riga sun rage su ƙwarai, musamman a Atalantika. Kashe uwa don a rataye ta a ɗauki hoto abu ne da ba na so, kuma ba na ɓoyewa.

Sakin ma yana da ƙa'ida. Idan da koto mai rai ake su, a yi amfani da ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, wadda ke kama gefen baki maimakon ta shige ciki. Kada a ja faman ya yi tsawo har kifin ya ƙare. Kada a ɗago shi cikin jirgi, domin jikinsa bai saba ɗaukar nauyin kansa a waje da ruwa ba. Yaron jirgi yakan sa safar hannu ya riƙe bakin, a cire ƙugiya, jirgi na tafiya a hankali don ruwa ya ratsa ta bakinsa ya samu numfashi. Da farko za ka gan shi ya yi duhu, ya kwanta a gefe, ido a buɗe kamar ƙaramin faranti. Bayan wasu mintuna launi ya fara dawowa, jela ta motsa sau ɗaya, sau biyu, sai ka ga hannun yaron ya fara girgiza. Ya sake shi, kifin ya miƙe ya nutsa cikin shuɗi har ya ɓace.

Jirage da yawa suna soka masa 'yar alama mai lamba a kafaɗa kafin saki, su cika kati su aika wa masu bincike irin su The Billfish Foundation, wadda aka kafa a 1986. Ta haka aka gano cewa waɗannan kifaye suna ƙetare teku guda daga wannan gefe zuwa wancan.

Duk abin da aka kama ana ci?

Tuna da wahu da dorado suna da kyau, amma sai an zubar da jininsu an sa su cikin ƙanƙara nan take. In suka daɗe a zafi, wani guba yakan taru a naman, mai sa jan fuska da ƙaiƙayi da ciwon kai, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Manyan barakuda da wasu kifayen duwatsun murjani kuma suna iya ɗauke da gubar sigwatera, wadda ita ma wuta ba ta yi mata komai. Cikin alamunta har da jin abu mai sanyi kamar yana ƙuna. Bi maganar mutanen jirgi kan abin da ba a ci a ruwansu. Naman malin yana tara sinadarin makuri, don haka ake hana masu ciki da ƙananan yara.

In aka dawo ba a kama komai ba?

Yana faruwa, har ga jiragen da suka fi kowa suna. Ba a maido kuɗi saboda haka. Abin da za ka duba shi ne ko an yi aiki: an sauya koto, an sauya wuri, an bi tsuntsaye, ko kuwa an saki zare ne kawai aka kwanta. In kana gudun dawowa hannu rabbana, ce wa kyaftin a ware awa ta ƙarshe a nemi ƙananan kifaye kusa da gaɓa.

Da gaske ne ba a shiga jirgi da ayaba?

Da gaske ne masu jirage da yawa suna camfa ta, suna cewa tana korar kifi. Ba ta da wata illa da aka tabbatar, amma jirginsu ne, bar ta a masauki.

Mene ne ma'anar ƙananan tutocin da jirage ke dawowa da su?

Labarin wunin ne ake ba wa mutanen tasha tun daga nesa. Kowace tuta da hoton kifinta, tuta ɗaya kifi ɗaya, a jere a kan doguwar sandar gefe. In ka ga tutar malin an juya ta kai ƙasa, an kama shi an sake shi. In kuma da wata ja mai kusurwa uku da harafin T a ƙarƙashinta, an sa masa alama kafin ya tafi.